Makonni Shida a Ajin Ɗaga Juna: Abin da Na Gani a Wani Wurin Horon Ciyalidin a Greensboro

Lokacin da 'yar autata mai shekara 14 ta dawo daga makaranta da labarin cewa an ɗauke ta cikin ƙungiyar masu ƙarfafa gwiwar 'yan wasa, wato abin da Amurkawa ke kira ciyalidin, na ɗauka abin bai wuce waƙa da tafi da kirari a gefen fili ba. Sai da na je kallon wasan ƙwallon makarantarsu a wani daren Juma'a, na ga 'yan mata uku sun ɗaga ta huɗunsu har ƙafafunta suka wuce kawunansu, sannan suka sake ta suka tare ta a hannu, duk a kan hanyar tsere da ta kewaye filin, a nan ne na gane cewa amincewar da na bayar ta fi yadda na zata nauyi. Da yake yarinyar ba ta da jiki sosai, an riga an gaya mata cewa ita za a riƙa ɗagawa. Ni da mahaifinta muka tsayar da shawara cewa ba za a ɗaga ta ko sau ɗaya ba sai ta koyi abin a hannun waɗanda suka san shi, saboda haka muka yi mata rajista a wani aji na makonni shida da wani wurin horo mai zaman kansa yake gudanarwa a gefen birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda muke zaune. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin zan faɗi inda ya kyauta da kuma inda ya gaza, kuma burina shi ne iyaye su sami ma'aunin da za su auna kowane wuri irinsa.

Ajin na masu farawa ne, kuma an keɓe shi ga ɗaga juna kaɗai, ba a haɗa shi da rawa ko alkafura ba. Ana yin sa sau biyu a mako da yamma, awa ɗaya da rabi kowane zama, kuma mun biya dalar Amurka 240 na makonnin shida. Yara 12 ne, dukkansu mata, an raba su rukuni uku na mutum huɗu-huɗu, da masu horarwa biyu, babbarsu mace ce da ta haura shekara arba'in. Ginin tsohon sito ne da aka gyara, mai dogon rufi, kuma an shimfiɗa masa daɓe mai sifirin irin na gasa, wanda girmansa ƙafa 54 ne da ƙafa 42, an jera shimfiɗun soso mai kafet guda tara a kansa. Iyaye suna zama a wani ɗaki mai bangon gilashi, suna ganin komai amma yaran ba sa jin maganarsu. A jikin bangon ɗakin an rataye takardun shaidar masu horarwar, ta kwas ɗin kiyaye haɗari na USA Cheer, hukumar da ke kula da wannan wasa a Amurka, da ta taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi. Na tashi na karanta ranakun da ke jikinsu, na ga babu wadda wa'adinta ya ƙare, kuma ina ba kowace uwa shawarar ta yi hakan ba tare da jin nauyi ba.

Kafin zaman farko na zauna na karanta abin da likitoci suka rubuta a kan wannan wasa, kuma abin da na samu ya gyara mini tsorona maimakon ya kawar da shi. A shekarar 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsayarta, inda ta nuna cewa a cikin shekaru 25 da suka gabaci wannan lokaci, kusan kashi 66 cikin 100 na munanan raunukan da suka sami 'yan mata masu wasanni a makarantun sakandare, wato irin waɗanda ke taɓa kai da ƙashin baya, daga ciyalidin suka fito, kuma kusan dukkan girgizar ƙwaƙwalwar da ake samu a wasan, wato raunin da bugu a kai yake jawo wa ƙwaƙwalwa, a wajen ɗaga juna take aukuwa. Cibiyar da ke tattara alƙaluman irin waɗannan munanan raunuka tana nan kusa da mu, a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill. Sai dai wani binciken da aka buga a 2016 ya nuna ɗaya fuskar, domin a cikin wasanni 22 na sakandare, ciyalidin ya zo na 18 wajen yawan samun rauni. Ma'anar wannan ita ce ba kasafai ake jin ciwo ba, amma idan aka ji, yakan yi tsanani. Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken shi ne masu ɗaukar sun fi wadda ake ɗagawa yawan samun rauni, kuma mafi yawan raunukan a wajen atisaye suke faruwa, ba a gaban 'yan kallo ba.

Abu na farko da ya sa na natsu da wurin shi ne cewa a makon farko gaba ɗaya babu yarinyar da aka ɗaga ta wuce tsayin cinya. Mai horarwar ta fara da bayanin aikin kowa. Akwai ginshiƙai biyu da ke fuskantar juna suna riƙe da ƙafafu, akwai ta sama, akwai kuma mai tsaron baya. Ginshiƙai an koya musu su tsaya dab da juna, bayansu a miƙe, su ɗaga da ƙarfin cinya maimakon ƙarfin baya, kuma kada idonsu ya bar ta sama ko da wani ya kira sunansu. Ta sama kuwa an nuna mata cewa ba kaya ba ce da ake ɗauka, ita ma tana da nata aikin: ta ɗora nauyinta a hannayenta bisa kafaɗun ginshiƙai yayin hawa, ta miƙe gwiwoyinta, ta ƙanƙame jikinta kamar itace, ta dubi gaba. Akwai wani atisaye da suka yi ta maimaitawa, inda yarinya za ta dafa kafaɗun ginshiƙai biyu ta naɗe ƙafafunta sama, ta tsaya a rataye da ƙarfin hannunta kaɗai. Wadda ba ta iya riƙe kanta a haka ba, ba a wuce da ita gaba.

Daga nan aka shiga koyon tarewa, kuma wannan ne zuciyar ajin. An koya musu saukowa kafin a koya musu hawa. Mai horarwar takan sa ta sama ta tsaya a kan wani ɗan akwatin soso, ta saki jiki ta faɗa baya da gangan, sauran ukun su tare ta, a sake, a sake, har na daina ƙirgawa. Ginshiƙai suna ɗaga hannu sama su tarbe ta tun tana bisa, ɗaya hannun a ƙarƙashin baya ɗaya a ƙarƙashin cinya, sannan su lanƙwasa gwiwa su sauko da ita a hankali, domin wanda ya jira nauyi ya iso ƙasa kafin ya tare ya riga ya makara. Ita kuma ta sama an hana ta abin da ɗabi'ar ɗan Adam take sa shi yi idan ya ji zai faɗi, wato wutsil-wutsil da hannu, ko damƙar abin da ya samu, ko ƙoƙarin dira da kansa. Yarinyar da ta saki jiki tana fafutuka ita ce take bugun fuskokin ƙawayenta da gwiwar hannu, kuma ita ce take suɓucewa. Wadda ta ƙanƙame jikinta ta bar wa na ƙasa aikinsu, ita ce mai sauƙin tarewa.

A kan mai tsaron baya zan ɗan tsaya, domin a nan ne na ga bambancin wanda ya san sana'arsa. A idon mai kallo, ita ce wadda ba ta yin komai, tana tsaye a baya inda hoto ba ya kama ta, kuma na lura yara ba sa son a ba su wannan matsayi. Mai horarwar ta juya musu wannan tunani tun ranar farko. Ta ce kai da wuyan ta sama amana ne a hannun mai tsaron baya, ita ce take ƙirge, ita ce take riƙe ƙugu yayin hawa sannan ta koma idon sawu, kuma idan abu ya ɓaci ita ce take zura hannayenta ta ƙarƙashin hammata ta jawo yarinyar zuwa ƙirjinta, ta yadda ko da kowa zai zube, ƙeyar ta sama ba za ta taɓa ƙasa ba. Ta zaɓi mafi tsayi da natsuwa a kowane rukuni ta ba su wannan aiki, kuma a ƙarshen kowane zama su take fara yabawa. Ta kuma kafa doka cewa da zarar ƙafa ta bar ƙasa, murya ɗaya ce kawai za a ji, ta mai ƙirge, sai dai kalma ɗaya tak mai ma'anar a sauko, wadda kowace daga cikin huɗun take da ikon furtawa a kowane lokaci ba tare da an tambaye ta dalili ba. Sau biyu na ji 'yata ta furta ta, kuma ba a taɓa yi mata kallon matsoraciya ba.

Ci gaba daga mataki zuwa mataki a rubuce yake. Kowane rukuni yana da takarda da aka jera matakan a kanta, daga tsayuwa a kan cinya, zuwa tsayin kafaɗa, zuwa saukowa a hannu daga tsayin kafaɗa, zuwa miƙe hannu sama gaba ɗaya, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ba a sa hannu a kan mataki sai rukunin ya yi shi sau goma a jere babu tangarɗa, kuma idan aka canza mutum ɗaya a rukunin, sai a koma baya a sake gwadawa. Rukunin 'yata ya yi mako biyu cur a tsayin kafaɗa, har ta fara ƙorafi a mota cewa a makaranta tuni da an wuce nan. A ɗakin iyaye ma na ji wata uwa tana cewa ba don wannan ta biya kuɗi ba. Ni kuwa don wannan ɗin na biya. A ƙarshen makonni shida rukuni ɗaya ne kawai ya kai ga tsayuwa da ƙafa ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa gwada jifan kwando, wato cilla yarinya sama daga hannaye da aka sarƙe, domin mai horarwar ta ce wannan ba na masu farawa ba ne.

Batun sutura shi ne ya fi damuna kafin mu je, kuma shi ne na fi jin daɗin yadda aka bi da shi. Dokokin wannan wasa a makarantun sakandaren Amurka sun hana sa kayan ado, sun wajabta yanke farce da ɗaure gashi, sun kuma hana cingam da alewa a baki. Saboda haka 'yan kunne da zobe da awarwaro duk a gida suke zama, kuma sai da na kwance wa 'yata kitson da aka yi wa ado da duwatsu, tun da fuskar mai tsaron baya dab da ƙeyarta take yayin tarewa. 'Yata tana rufe kanta, kuma na zo da shirin yin doguwar muhawara, amma mai horarwar ba ta nuna wata damuwa da rufin kan ba. Abin da ta duba shi ne fil da tsawon mayafin. Ta ce fil ɗaya zai iya yaga hannun mai tarewa ko ya shiga ido, kuma mayafi mai saukowa kan ƙirji zai iya naɗe hannun wata ya shaƙe mai shi, don haka muka sayi ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai wanda ake cusa bakinsa cikin riga. Ta kuma sa hannu ta shafa dogon wandon da yarinyar ta sa, ta ce yadinsa yana da santsi, hannun ginshiƙai zai zame a kansa, ta ba mu shawarar mu nemi mai auduga wanda ya kama idon sawu bai rufe takalmi ba. Ban taɓa tunanin yadin wando zai shiga lissafin kare wuyan 'yata ba. Na kuma tambaya tun farko ko za a haɗa su da maza, aka tabbatar mini cewa wannan aji na mata ne zalla, kuma haka ya kasance har aka gama.

A mako na huɗu aka gwada wurin da gaske. Wata yarinya ta karkace daga tsayin kafaɗa, mai tsaron baya ta tare ta yadda aka koya mata, amma gwiwar hannunta ta sami ɗaya daga cikin ginshiƙai a gefen kai. Wadda aka buga ta miƙe tana dariya tana cewa ba komai, tana neman a ci gaba. Mai horarwar ta dakatar da rukunin, ta zaunar da ita, ta tambaye ta ko tana jin ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, ko hasken fitila yana damun idonta, sannan ta kira mahaifiyarta daga ɗakinmu ta gaya mata cewa yarinyar ta gama na yau, kuma ba za ta dawo ba sai da takardar likita. Jihar Karolina ta Arewa tana da doka tun 2011 da ta wajabta wa makarantun gwamnati cire ɗalibin da ya nuna alamar girgizar ƙwaƙwalwa daga wasa a ranar, da hana shi komawa sai da izinin ma'aikacin lafiya a rubuce. Wannan wuri na kasuwanci ne, amma ya ɗora wa kansa irin wannan ƙa'ida, alhali ya san uwar za ta iya fushi ta ɗauke kuɗinta. Yarinyar ta dawo bayan kwana goma, kuma ba a mayar da ita ɗaukar mutum nan take ba, an fara da motsa jiki mai sauƙi.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma ban ɗauki gazawar ƙarama ba. Duk makonni shidan a kan daɓe mai sifirin aka yi su, alhali kusan dukkan yaran 'yan ƙungiyar makaranta ne waɗanda za su koma yin wasan a kan ciyawa, ko hanyar tsere, ko katakon filin ƙwallon kwando. Bambancin ba ƙarami ba ne. A 2009 wasu masu bincike biyu na asibitin yara da ke Columbus a jihar Ohio, Brenda Shields da Gary Smith, sun auna tsayin da mutum zai iya faɗowa daga gare shi a kan shimfiɗu daban-daban kafin bugun ya kai ga barazana ga rai ta hanyar rauni a kai. A kan siminti tsayin rabin ƙafa ne kawai, a kan daɓe mai sifirin kuwa ya wuce ƙafa 11, kuma sun gano cewa daɓe mai sifirin da katifar sauka mai kaurin inci 4 da aka ɗora a kan shimfiɗar soso su kaɗai ne suka isa ɗaukar faɗuwa daga ɗagawa mai hawa biyu, wato mutum a bisa mutum. Tarihin wasan ma ya tabbatar da haka. A watan Maris na 2006 wata ɗalibar Jami'ar Kudancin Illinois ta faɗo daga saman dalar mutane a kan katakon filin ƙwallon kwando a birnin St. Louis, ta karye a ƙashin wuya, kuma bayan wannan ne aka tsaurara doka, aka hana jifan kwando a kan daɓe mai tauri. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa munanan raunuka daga jifan kwando sun ragu da kusan ninki huɗu. Wurin da ya san duk wannan ya kamata ya ware aƙalla zama ɗaya ya zaunar da yara da iyayensu ya gaya musu a fili cewa abin da aka ƙware a kansa a nan ba lallai ne ya dace da gefen filin makaranta ba, kuma wane mataki ne ya kamata a tsaya a kansa idan ciyawa ta jiƙe ko babu katifa. Ba a yi haka ba sai da na tambaya da kaina, kuma amsar da aka ba ni, ko da yake mai kyau ce, ni kaɗai na ji ta.

Gazawa ta biyu ta faru a mako na biyar, ranar da mai horarwa ta biyu ba ta zo ba, aka maye gurbinta da wata matashiya daga manyan 'yan wasan wurin. Yarinya ce mai hazaƙa, amma ɗaliba ce ba malama ba, kuma na ga lokacin da rukuni biyu suke sama a lokaci guda alhali idon babbar mai horarwar yana kan na uku. Babu abin da ya faru, sai dai a irin wannan rana abin da ya dace shi ne a riƙa ɗaga rukuni ɗaya bayan ɗaya, ko da za a yi rabin aikin da aka tsara. A wannan yammacin kuma wani ajin rawa yana gudana a ɗaya gefen ginin da kiɗa mai ƙarfi, har ina ganin masu tsaron baya suna ɗaga murya kafin a ji ƙirgensu. Na yi magana da shugabar wurin washegari, ta karɓa da mutunci, kuma a zama na gaba an rage kiɗan. Akwai kuma takardar yarjejeniyar da aka ba mu mu sa wa hannu ranar rajista, shafi huɗu na Turancin lauyoyi, wadda ta yi dogon bayani a kan cewa wurin ba shi da alhakin rauni, amma ba ta ce komai ba game da wanda zai kira motar asibiti, da wanda zai tsaya da yarinya, da asibitin da za a nufa. Da na nemi tsarin gaggawar sai aka ciro shi daga aljihun tebur, a rubuce kuma cikakke. Wurinsa jikin bango ne, kusa da takardun shaida.

Wani abu da iyaye Musulmi za su so su sani shi ne yadda aka ɗauki batun azumi. 'Yata ta zo wani zaman ranar Alhamis tana azumin nafila, ta gaya wa mai horarwar tun daga ƙofa. Matar ta gode mata da ta faɗa, ta ce a ranar ba za ta hau sama ba kuma ba za ta ɗauki kowa ba, domin ɗan jiri na daƙiƙa ɗaya a tsayin kafaɗa ya isa ya jawo abin da ba a so, sai ta sa ta atisayen miƙe jiki da daidaita tsayuwa a ƙasa. Ta kuma ce idan watan Ramadan ya zo mu sanar da ita da wuri domin a duba jadawali.

A ganina dala 240 ba ta yi yawa ba ga abin da aka samu, ko da yake na san ba kowane gida ne zai iya fitar da ita a lokaci ɗaya ba, kuma wurin bai da tsarin biya kashi-kashi ga wannan aji. Ya dace da yarinyar da ba ta taɓa hawa ba, ya kuma fi dacewa idan rukuni guda na makaranta ɗaya suka yi rajista tare, tun da su ne za su ci gaba da riƙe juna bayan an gama. Wadda take neman a koya mata manyan dabaru cikin gaggawa ba za ta ji daɗinsa ba. Mun sake yi wa 'yata rajista a zango na gaba, bisa sharaɗin da na gabatar a rubuce cewa ranar da mai horarwa ɗaya ce kawai, za a kira ni kafin a fara. Na kuma kai kwafin takardar matakan ga mai horar da ƙungiyar makarantarsu, na nuna mata inda aka sa hannu da inda ba a sa ba, na gaya mata cewa a kan hanyar tsere yarinyar za ta tsaya a tsayin kafaɗa, da mai tsaron baya da ta saba da ita, har sai an cike sauran layukan.